Kaset ɗin Ɗaurin Auren Rasjan

Duk wanda ya yi aure a unguwarmu ta bayan kasuwar albasa a Brebes daga 1990 zuwa 'yan shekaru bayan 2000, da wuya in ba Tarmudi ne ya ɗauke shi a bidiyo ba. A lokacin saurayi ne siriri mai gashin baki, yana saɓe da wata ƙatuwar kyamara a kafaɗa, yana ji da kansa kamar shi ya ƙera ta. Shi ke gaya wa amarya inda za ta kalla, shi ke cewa uban ango ya gyara hula. Har liman yakan ce da shi ya dakata da addu'a a canja batir, kuma a dakata ɗin.

Da waya ta shiga hannun kowa, sana'ar ta mutu murus. Tarmudi bai mutu da ita ba. Ya yi ƙiba, ya yi furfura, ya je Makka ya dawo aka koma kiransa Pak Haji, wato Alhaji, aka damƙa masa makullin masallacin unguwa. Shagon nasa kuma ya mai da shi wurin juyar da tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Mutanen da ya ɗauka suna ango da amarya su ne yanzu ke dawo masa da kaset ɗinsu a leda, duk funfuna, suna roƙo a ceto musu fuskar iyayensu.

Abin da ya fi yi wa suna shi ne daidaita baki da murya. Mutum zai sayi 'yar na'ura mai arha ya jona bidiyo da kwamfuta da kansa. Farkon fim lafiya lau, amma kafin a kai wurin cin abinci sai ka ga liman ya shafa addu'a ya miƙe yana neman takalmi, muryarsa kuwa tana can baya tana roƙon zuri'a ɗayyiba. Duk inda zaren kaset ya yamutse, kwamfuta kan zubar da 'yan hotuna ta wuce, sauti kuma ba ta rage masa komai, sai hoto ya yi gaba ya bar shi. Tarmudi yakan nemi wata ƙara a farkon fim, faɗuwar cokali ko bugun ganga, ya ɗora ta daidai kan hotonta. Ya nemi wata a ƙarshe, sannan ya matse sautin da ke tsakani har su zo ɗaya. Idan babu ƙara sai ya zuba wa leɓe ido, ya jira inda suka haɗu suka rabu. Yakan yini a kan kaset ɗaya ba ya gajiya. Mutane na cewa haƙuri ne da shi, kuma yana jin daɗin a faɗa.

Kaset ɗaya ne tak a garin nan da ya yi shekaru yana roƙon Allah kada ya sake ganinsa, kuma shi ne na Rasjan.

Rasjan makiyayin agwagi ne, yana kora su cikin gonakin shinkafa bayan girbi, yana jiƙa ƙwansu da gishiri ya kai kasuwa. Yana da in'ina mai tsanani tun yarinta. Idan ya zo sayen taba nuna ta yake yi da yatsa. Saboda haka bai yi aure ba sai da ya kai talatin da biyar, lokacin da Darsinah mai sayar da soyayyen wake a tashar keke ta ga abin da sauran mata ba su tsaya suka gani ba. A 1994 aka sa rana, aka kira Tarmudi, wanda Rasjan ya girme wa da shekara takwas.

A wurinmu ango da bakinsa yake karɓar aure. Uban yarinya zai riƙe hannunsa ya ce ya ba shi, ya girgiza hannun, shi kuma nan take ya amsa da numfashi ɗaya, ba tsayawa: na karɓi auren wance 'yar wane bisa sadakin da aka ambata. Sannan shaidu su ce ya ɗauru. Maza masu lafiyar harshe ma gumi suke yi a wurin. Rasjan ya yi wata guda yana bita a gaban agwaginsa.

Aka girgiza masa hannu. Ya fara lafiya, da ya zo sunan amarya sai harshe ya kafe. Malamin da ke ɗaura auren tsoho ne mai tsauri, ya ce a sake. Aka sake, ya kuma tsayawa a wuri ɗaya. Aka ba shi ruwa ya sha. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai don tausayi, ban da mutum ɗaya. Tarmudi, ido a jikin kyamara, ya karkata baki wajen abokinsa Sukhemi da ke riƙe masa fitila, ya yi raɗa:

“Da-da-da-da. Ku kawo agwagwa ɗaya ta karɓa masa, kafin shinkafa ta huce.”

Sannan ya yi dariyar nan tasa da ke fita ta hanci ta ƙare da shaƙuwa. Yana cikinta Rasjan ya shiga gwaji na uku, ya yi ta fama da sunan har ya fitar da shi, shaidu suka yi wuf suka ce ya ɗauru kafin tsohon ya buɗe baki. Babu wanda ya ji Tarmudi a ɗakin. Sai dai abin ɗaukar sauti na kyamarar bai fi taƙi ɗaya daga bakinsa ba.

Washegari da safe da Tarmudi ya kunna kaset, sai ga raɗarsa da dariyarsa a ciki. Muryarsa ta fi ta ango fitowa tangaran. Ba tausayin Rasjan ya ji ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da ya gani shi ne iyaye suna gaya wa juna kada a kira wannan yaron, ba shi da tarbiyya. Kyamarar na da wani maɓalli da ke ɗora sabon sauti kan tsoho ba tare da taɓa hoto ba. Ya kulle ƙofa, ya rufe gwaji biyu na farko da kiɗan biki, na uku kuma ya riƙe makirfo ya karɓi auren Darsinah da muryarsa, sumul, da numfashi ɗaya. Muryar takan gama bakin Rasjan na ci gaba da motsi, amma ya ce a ransa wa zai lura a ƙaramin talabijin.

Bayan mako ɗaya sai ga Rasjan a ƙofar shago da kwando. Tarmudi ya zaci asirinsa ya tonu. Mutumin ya ajiye kwandon ƙwai, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe yana kokawa da magana kafin ta fito, ya kira shi da gajeren sunansa cikin girmamawa.

“Mas Mudi, ka ru-ru-rufa min asiri. 'Ya'yana ba za su ga ubansu yana haka ba. Allah ya rufa naka.”

Nan ne wurin da ya kamata ya faɗi gaskiya, kuma ya sani. Ya ce ba komai, Kang, wato yaya, ai yi wa kai ne. Ya karɓi ƙwan.

Shekara ashirin da bakwai, duk Ƙaramar Salla sai kwandon nan ya zo. Labarin ya zaga unguwa. Matarsa Kuswati takan ba wa baƙi shi don su san irin mijin da ta samu. Ranar da ake shawarar wanda za a ba makullin masallaci, wani dattijo ya kawo shi a matsayin hujja. Sukhemi ya rasu da sirrin a cikinsa. Tarmudi kuwa bai taɓa iya cin ƙwan ba, yakan ce gishiri na tayar masa da hawan jini, tun ma kafin ya kamu da hawan jinin.

Wani abu ya ƙara masa nauyi. Da ya zurfafa a sana'a ya gane cewa irin kyamararsa layin sauti biyu take rubutawa. Ɗaya a gefen zaren, shi ne wanda ƙananan bidiyo na gidajen talakawa ke karantawa, kuma shi kaɗai maɓallin nan ke gogewa. Ɗayan yana binne ƙarƙashin hoto, sai babbar na'ura ke jin sa. Wato dariyarsa ba ta je ko'ina ba. Tana kwance a cikin kabad ɗin Rasjan, tsakanin takardar gona da hotunan yara. Ya sha yi wa kaset ɗin fatan funfuna, sannan ya yi istigfari.

Rasjan ya rasu cikin damina, bai yi doguwar jinya ba. Tarmudi na cikin waɗanda suka saka shi a kabari. Da aka kusa addu'ar kwana dubu, wadda daga ita iyali ke sallamar mamaci, sai ga Darsinah da hantsi ta sauko daga keke mai ƙafa uku, riƙe da leda baƙa.

Ta zauna ta sha shayin da ya zuba mata, ta yi bayani. 'Yarta da ke aiki a Jakarta ta juya kaset ɗin da tsohon bidiyon gida don a nuna wa dangi ranar addu'a. Da suka kalla a babban talabijin sai jikoki suka fashe da dariya, wai kakansu ya zama ɗan fim ɗin Indiya da aka fassara, baki daban magana daban. Ita ta san muryar waye, ba yau ta sani ba, kuma har gobe tana godiya. Abin da take roƙo kawai a matsa muryar ta zauna kan bakin Rasjan, kada yara su yi masa dariya a gaban mutane.

Ta juya kofin a hannunta, sannan ta ƙara da abin da bai so ji ba.

“Ka san shi, Pak Haji. Bai taɓa yarda a ɗauki muryarsa ba. Ko a waya sai dai ya miƙo min. Yanzu ina neman ta a kaina, ba na samu. Fuskar tana nan, muryar ce ta tafi.”

Ya ce zai duba. Ya ce mata tsohon kaset ba a yi masa alkawari, wataƙila ma funfuna ta cinye shi. Yana faɗa yana jin kansa yana share wa ƙarya hanya.

Bayan ta tafi ya ciro kaset ɗin daga ledar ya buɗe murfinsa. Zaren tas yake, baƙi wuluk, kamar jiya aka saya. A cikin gwangwanin biskit da shinkafa suka adana shi, don kada danshi ya taɓa. Ya sa shi a babbar na'urarsa, ya sa abin sauraro a kunne, ya zaɓi layin gefe. Ga muryarsa ta ƙuruciya tana karɓar matar wani. Kwana biyu ya yi yana aiki a kanta. Ya ja ta ta yi tsawo, sai ta koma kamar ta mashayi. Ya yanka ta kalma-kalma ya ɗora kowace kan leɓen Rasjan, sai rami ya buɗe a wurin sunan, baki na rawa ba abin da ke fita. Ya gwada rage hoton, ya yanke inda bakin ke kakarewa, sai hannun uban amarya ya yi tsalle. Duk dabarar da ya tara a shekara talatin ya zube ta a kan daƙiƙa goma sha ɗaya, ba ta zauna ba. Ba yadda za a yi ta zauna, tunda ba daga bakin nan ta fito ba.

A rana ta uku bayan azahar ya murɗa maɓalli zuwa layin da ke ƙarƙashi. Ɗakin 1994 ya buɗe a kunnensa, da tarin tsofaffi da ƙarar fanka. Ga Rasjan. Kowane motsin leɓe da sautinsa, ba gaba ba baya, babu abin gyarawa ko kaɗan. Ga kuma raɗar, ga dariyar a kai. Ya yi ƙoƙarin cire ta. Ya rage inda take, sai muryar Rasjan ta nutse tare da ita, domin a kan juna suke kuma tasa ce a sama. Ya tashi ya tafi buɗe masallaci don la'asar, ya tsaya a sahun farko inda kowa ya san wurinsa ne, ya ji kunyar hular alhazan da ke kansa.

Zai iya miƙa mata wanda ya yi wa kwaskwarima ya ce iyakar abin da ya samu ke nan. Za ta yi godiya, wataƙila har ta aiko da abinci. Ba mai sani har abada. Abin da ya hana shi ba ƙarfin imani ba ne, don da imanin ne da ya yi magana tun Rasjan na da kunnen ji. Kawai ya kasa daina tuna yadda ta ce tana nema a kanta ba ta samu, alhali abin yana kan teburinsa.

Ya aika aka kira ta. Da ta zo bai zuba shayi ba. Ya gaya mata muryar Kang Rasjan tana nan, ba ta goge ba. Ta dafe ƙirji. Ya ce amma akwai wani abu tare da ita, kuma gara ta ji da kunnenta. Ya sa mata abin sauraron ya kunna, ya koma gefe. Ba ya jin komai, sai dai yana ganin zanen sautin na tafiya a fuskar kwamfuta, ya san daidai inda raɗarsa take. Ya ga layin ya iso wurin ya wuce. Fuskarta ba ta canja ba, hawaye ne kawai ke sauka, kuma tun kafin wurin suka fara.

Ta ce a maimaita. Ya maimaita. Sau huɗu. Sannan ta cire abin daga kunne ta ajiye a cinya.

“Wannan ne dalilin da ya sa ka ɗora taka muryar.”

Ya kira ta Yu, yadda ake kiran babbar yaya a wurinmu. “Shi ne, Yu. Ba don shi na yi ba. Don kaina na yi.”

Ta daɗe tana kallon ƙofa. Ya so ta zage shi, da ya sami sauƙi. Ta tambaya ko za a iya cire dariyar a bar mijinta, ya ce ya gwada, idan ɗaya ta fita ɗayar ma ta tafi. Ya ce zai iya ba ta wannan ta ajiye ita kaɗai, a nuna wa jama'a wancan. Yana faɗa ya ji munin maganar.

“Shekara ashirin da bakwai yana zaɓar maka manyan ƙwai,” in ji ta. “Ni yake sawa in goge su.” Ta miƙe ta gyara mayafi. “Wannan za a nuna. Yaransa ba su taɓa ganin yadda ya yi fama kafin ya same ni ba. Kuma kai za ka kunna, Pak Haji, tunda kai ka iya.”

Ranar addu'a an shimfiɗa tabarmi daga falo har tsakar gida. Bayan la'asar aka yi tahlili, aka raba shinkafa a kwanduna, sannan aka rufe tagogi aka rataya farin zane a bango. Tarmudi ne ya kawo majigi, lasifikar kuwa ta masallaci ce, shi da kansa ya ɗauko ta. Kuswati na cikin mata, ya gaya mata gaskiyar tun jiya, kuma tun jiyan ba ta ce masa uffan ba. Dattawan da suka ba shi makulli suna jere a gaba. Wani ma ya dafa kafaɗarsa ya ce yau za a sake jin aikin alheri.

Ya kunna. Mutane suka yi ta nuna matattunsu a bango, ana ga wane, ga wance da ƙuruciya. Aka zo wurin riƙe hannu. Muryar Rasjan ta fito, mai kauri, tana rawa, 'yarsa ta toshe baki da mayafi. Ya kafe a sunan. Aka ba shi ruwa. Sai raɗar ta fito ta lasifikar masallaci, kowace kalma a fili, da agwagwar da shinkafar, dariyar ta biyo baya. Babu wanda ke zaune a wurin da bai san dariyar nan ba, ko a makon jiya sun ji ta a wurin shayi. Ba wanda ya waiwaya. Hannun da ke kafaɗarsa ne kawai ya sauka a hankali.

Wata jikar Rasjan mai shekara bakwai, da ke zaune a cinyar uwarta, ta tambaya da ƙarfi wane ne ke yi wa Mbah, wato kakanta, dariya. Uwar ta ce ta yi shiru. Tarmudi ya tsayar da fim ɗin, don bai ga yadda zai bar tambayar a ƙasa ba.

“Ni ne, Nok,” ya ce, yadda ake kiran ƙaramar yarinya a wurinmu.

Yarinyar ta juyo ta dube shi, da farar hularsa da carbinsa. “Me ya yi maka?”

Ya ce bai yi masa komai ba. Ya fara wata magana kuma, ta neman gafara, wadda ya kwana biyu yana shiryawa, ya ɗan ɗaga murya don dattawa su ji. Darsinah ba ta juyo ba. Idonta na kan bango, inda mijinta ya tsaya da baki a buɗe, hannunsa cikin na mahaifinta.

“Pak Haji, ba kai muka taru ji ba,” ta ce. “Kunna. Bai gama magana ba.”